Wasan da Gawa ta Tashi

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Baba da Kulu. Gero ya fara fitar da kai? Ni lafiya lau nake a Kumasi, dakon buhuna ne kawai ya ɗan taɓa mini baya.

Shekara shida ke nan da wasan kwaikwayon da na shirya a filin firamare, wanda abokina Badaru ya fito a matsayin gawa, ana tsakiyar kuka ya miƙe ya kori akuya daga gyaɗarsa. Na ɗauka an manta. Jiya wani mai wake daga Dawanau ya ƙura mini ido, ya ce, “Ba kai ne mai gawa ba?”

Inna, abin kunyar da ya raba ni da gida har nan ya biyo ni. Bana ma ba zan zo ba, kada ki ajiye mini naman Sallah. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Zubair