Tallafin Da Ya Tafi Indabo

Laraba, Agusta 1999, bayan isha'i

Yau gwamnatin jiha ta ba Indabo tallafin tsara magudanar ruwan ƙazanta. Mu a Sabon Gari ba mu samu ba.

Wata biyu na yi ina auna kwatarmu, na miƙa cikakkiyar takarda a ofis. Isyaku, sabon kansilansu, wanda nake yi wa lissafi a sakandare, ko shafi biyu bai cika ba. Ranar ruwa ya jira, ya zagaya Indabo da jami'in gwamnati a ƙafa har takalmin mutumin ya nutse.

A masallaci Isyaku ya ce mini, "Injiniya, ai kai za ka zana mana!"

Na yi masa barka. Har yanzu ƙazanta tana bi ta ƙofar gidana, amma gobe taswirar Indabo zan fara.