Jirgin Bom a Jikin Motar Alhazai

Misfala, Makka, daren Laraba, Zulƙida 1385

Har yanzu raina a ɓace yake. Na aiki ƙanena Sabo ya kai motarmu fenti kafin jigilar Arfa, sai ga shi ya dawo da ita an zana mata jirgin yaƙin Amurka tun daga ƙofa har baya, da bama-bamai suna zuba kamar kashin awaki.

Wai a jarida Sabo ya gani, ya sa aka zana. Ya tsaya yana yi mini karatu: "Yaya, injinsa takwas fa! Yana ƙetare teku bai sauka ba, a sama ake ba shi mai. Tsabar nisansa, na ƙasa ba sa jin zuwansa sai wuta."

Na ce, "To madalla. Mutanen da za mu ɗauka cikin harami, ko ƙwarƙwata ba su da ikon kashewa, su za ka zaunar a kan wannan?"

Muna cikin haka maƙwabcinmu mai kanti ya fito, dattijon nan ɗan Yaman da jirage suka ƙone ƙauyensu bara. Ya dubi motar, ya koma ciki. Yau bai aiko mana da shayi ba.

Sabo ya ce ai ba irin wannan jirgin ne ya jefa musu ba. Kamar wanda aka kashe wa 'ya'ya ƙirga injin yake yi!

Gobe da asuba zai kankare shi da hannunsa. A ƙofar kantin.