Wankan da Ban Yi wa Yaya Mamman Ba

Zuwa ga Babban Likita mai kula da ƙananan asibitocin ƙauyukanmu, daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni hedimasta ne a wani ƙauye kusa da Tafoki. Na zo da ƙara a kan mutum biyu: malamin asibitinka da ni kaina. Nawa laifin ya fi nauyi, shi ya sa na zaɓi a karanta wannan a fili.

1. A daminar bana malamin gona ya raba maganin feshin auduga. Rubutun jikin gwangwanin duk Turanci ne, don haka aka kawo mini. Na gyara tabarau na karanta wa jama'a yawan murfin da ake zubawa a ruwa, aka yi ta jinjina ilimina. Ƙananan layukan da ke ƙarƙashin hoton ƙoƙon kai kuwa na tsallake su, don shayina yana hucewa.

2. Ranar wata Laraba wana, Yaya Mamman, ya goya famfon feshi ya shiga gona da hantsi. Famfon yana yoyo a bayansa, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Da bakin famfon ya toshe, sai ya sa baki ya hura, kamar yadda kowa yake yi. Kafin azahar aka ɗauko shi a amalanke zuwa zauren gidansa. Yawu na dalala, gumi na zuba, naman jikinsa yana motsi shi kaɗai. Ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura.

3. A nan nake so ka saurare ni da kyau. Ina da wani tsohon littafi da na saya a Zariya, kan gubar da Turawa suka shirya don yaƙi da yadda ake ceton wanda ta taɓa. Na sha cika wa abokan hira kunne da shi a ƙofar gida. Alamun nan duk suna ciki, ɗaya bayan ɗaya. Abu na farko da ya ce a yi shi ne a tuɓe wa mutum tufafin, a wanke shi da ruwa da sabulu. Na tuna wannan ina tsaye a kansa.

Amma zauren cike yake da surukansa da dattawan unguwa. Yaya Mamman shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ko ido ba na haɗawa da shi. Ta yaya zan tuɓe shi a gaban mutane? Ga shi kuma a wajenmu babba ba a kwantar da shi a wanke sai ya cika. Na hango yadda za a ce ɗan boko ya yi wa wansa wankan gawa yana numfashi. Sai na bar shi cikin rigarsa. Da Baba Liman ya ce a lulluɓe shi saboda rawar ɗari, ni na ɗauko bargon da hannuna. An ɗura masa nono da manja, na riƙe ƙwaryar.

4. Asibitin da aka gina mana da kuɗin mai yana da kyau, ban musa ba. Akwai fanka da firiji, suna nan suna jiran wutar lantarki cikin haƙuri. Da muka kai shi can, malamin asibiti ya taɓa goshin Yaya, ya ce zazzaɓin sauro ne, ya yi masa allurar da yake yi wa kowa, har mai targaɗe. Bai ɗaga fatar idonsa ba. Bai tambayi abin da yake wari a rigar ba, alhali shi kansa sai da ya buɗe taga. Ba mugu ba ne, ba a koya masa ba ne. Ni da aka koya wa, na tsaya ina gyaɗa kai.

5. Sai la'asar sakaliya muka sami a-kori-kura zuwa babban asibiti. Likitan can ya duba idon sau ɗaya, ya sa aka yanke rigar da almakashi, aka wanke shi, aka yi ta yi masa wata allura da ake kira atirofin. Ya gaya mini maganin auduga da waccan gubar yaƙi 'yan ɗaki ɗaya ne. Sannan ya tambaya ko a garinmu babu wanda ya yi makaranta. Na ce masa akwai.

Yaya Mamman ya rasu ranar Juma'a. Allah ya jiƙansa. Kwana ya ƙare, na yarda, amma ba zan ɓuya a bayan wannan ba.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. A koya wa malaman asibiti alamun nan, ba su da yawa. A ajiye allurar atirofin a kowane ɗakin magani, in kun ga ya dace, a koya musu aiki da ita. A liƙa gargaɗi da Hausa, boko da ajami, a jikin kowane gwangwani. Mafi girma, a sa a faɗa a rediyo da bakin likita cewa wanda maganin feshi ya kayar a tuɓe shi a wanke shi nan take, ko uban mutum ne. Mutanenmu suna iya ajiye kunya in an ce likita ne ya ce. Feshi bai ƙare ba, famfon nan mai yoyo yana bayan wani a yau.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka masu gaya maka gaskiya da wuri.

Da aka zo shirya Yaya, Baba Liman ya duba dangi ya ce ni ne mafi kusa, ni zan yi masa wanka. Na yi, da ruwa da sabulu, yadda ya kamata. Babu wanda ya ga aibina.

Wassalam.

Malam Isiyaku, Hedimasta