Ɗiyar Sallaou a Takarda

Asabar, 9 ga Satumba, 1978

Sharuɗɗan makarantar haɗa magunguna ta Tarabulus sun fito. Yarinyar ta kwafo su: shahadar sakandare, maki mai kyau a kimiyya, takardar likita, iƙama ta izinin zama, hoto shida, takardar haihuwa. Duk tana da su. Rufewa ran 20. Na ce to, madalla, na ci gaba da goge rediyoyina. Kada ta ga haƙorana.

Lahadi, 10

An dawo da takardun. Ma'aikacin ofishin ilimi na nan Sabha ya jera biyu a tebur. A shahada, ɗiyar Sallaou. A takardar haihuwa ta Damagaram, ɗiyar Chaïbou. Ya ce wace ce a ciki ke son karatun?

Ni na yi wannan aikin. Shekara goma sha biyu baya, ranar da aka sa ta lakwal, makarantar boko, malami ya tambayi sunan uba, ga mutanenmu tsaye. Ɗiyar fari ce. Wane mai kunya zai buɗe baki ya ce tawa ce? Na ba da sunan yayana, tunda dama a ɗakinsa ta tashi. Sallaou ya rasu bara, ya bar ni da sunansa.

Na yi wa ma'aikacin bayanin al'ada da Larabcina na kasuwa. Ni da na sayar wa direban kamfanin mai bargo uku a tsakiyar zafi! Ko ɗaga kai bai yi ba. Wai sai mahkama, gaban alƙali, shaidu biyu, uba ya faɗa da bakinsa.

Talata, 12

Na je unguwar Mahdiya wajen Muƙaddas, Bakanon nan mai sassaƙa hatimi da dunduniyar takalmi. Ya ce kwana biyu zai fito da sabuwar takardar haihuwa da sunan Sallaou, har da ɗan yagewa a gefe don ta yi kama da tsohuwa. Ba alƙali, ba taro. Ya ce amma in aka gane, kada in san shi.

Laraba, 13

Asmaou, uwarta, ta ce kada in sa ta a ciki, ita ma ba ta taɓa kiran sunan ba. Shinkafar rana ta ƙone.

Alhamis, 14

Saura kwana shida. Na kawo takardar Muƙaddas, aiki kam ya yi kyau. Yarinyar ta karanta a tsaye, ta ajiye a kan tabarma. Ta ce in aka kama, ba ita kaɗai za a kora ba, duk gidan za a loda a mota zuwa iyaka. Na ce ba a kamawa, na san garin nan tun ba kwalta.

Sai ta ce, "Baffa, in ba a kama ba fa? Ke nan har in mutu ba kai ka haife ni ba."

Na ce ta ɗauke mini tabarmar, akwai ƙura.

Asabar, 16

Ban buɗe shago ba. Na hau mota zuwa Ghuddwa neman Alhassane, yana aikin dabino, yana wurin ranar sunanta a Damagaram. Dariya ya yi har ya sauko daga bishiya: wai Chaïbou mai baki, yau baki ake nema ya rasa. Zai zo. Maliki maƙwabci ne shaida na biyu.

Tambaya kawai na je yi. Takardar Muƙaddas na nan a aljihu.

Litinin, 18

Mahkama cike da mutane, rabi 'yan garinmu masu neman iƙama. Alƙali ya ce wace ce wannan a wurinka? Na ce yarinyar gidanmu ce. Ya ce gida ba ya haihuwa. Alhassane ya taka mini ƙafa.

Na ce, "Saratou ce. Ɗiyata. Ni na haife ta."

Ba wanda ya yi dariya. Wani tsoho ma gyangyaɗi yake. An buga hatimi, gobe takardu su bi motar Tarabulus. Ko za su isa kafin Laraba, Allah masani.

A hanyar gida wata tirela ta taho da gudu, ita kuma idonta na kan takarda. Na ce Saratou, matso nan. Ba alƙalin da ya sa ni.

Tirelar ce. Da gudu ta zo.