Ranar da Ka Naɗe Mini Ƙafar Wando, Baba

Assalamu alaikum Baba. Gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Ka rasu ban faɗa maka wannan ba, shi ya sa nake rubuta shi.

Ka tuna da na diro daga motar albasa a Jega, gwiwata ta murɗe. Kai da ake kawo wa karaya har daga Maiyama, ka yi mini ɗori, ka sake, gwiwar ba ta daina gocewa ba. A asibiti aka ce jijiya ce ta tsinke. Suka huda ƙashi, suka dasa wata, suka kafe ta da ƙusa. Ba ka hana ni ba, ba ka kuma zo dubiya ba.

Na warke, na koma gona. Sai wani ƙullutu kamar ƙwan zabo ya fito ƙasan gwiwar. Tsoro ya kama ni, na zaci ciwon daji ne. Ko matata ban nuna wa ba. Kai na kawo wa, Baba.

Ka taɓa. Sannan ka kira masu jiran ɗori a zaure, ka naɗe mini ƙafar wando a gabansu. Ka ce, "Ku diba aikin asibiti. Ɗana na, amma ya raina hannuna." Wani har dariya ya yi. Uba na zo nema, ka yi talla da ni. Kafin sati, duk garinmu Aliero ana cewa yanke ƙafar za a yi.

Ashe ruwa ne ya taru a bakin hudar ƙashin. Likita ya ce yakan faru bayan irin wannan aiki. Ya cire, ya share wurin. Lokacin an riga an kai ka makwanci.

Har yanzu abin yana ci mini rai. Amma Inna ta ce tun ranar ba ka ƙara cin tuwo da kirki ba, kullum sai ka tambaye ta ko ina ɗingishi. Me ya hana ka tambaye ni?

Ba na ɗingishi, Baba. Bana ma ni na yi ban ruwan fadamarka.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, ni kuma Ya sanyaya mini zuciya har in yafe.

Ɗanka,
Sanusi