Igiyar Ƙafar Kambai

Alhamis, 11 ga Satumba, 2014
Council, hukumar gari, ta yanke hukunci, ƙarshen wata za a rufe cibiyar wasannin ruwa ta tafkin Gorton, nan Manchester. Wai tsuke bakin aljihu. Shekara uku ina koya wa mutane tsayuwa kan allon ruwa da tuƙi da filafili, abu ɗaya tak da na fi Turawa iyawa a ƙasar nan, shi ma an ƙwace. Rhoda, shugabar cibiyar, ta ba ni aron allo biyu kafin a kwashe kaya. Na kira Kambai, abokina tun muna jami'a a Zariya, na ce ya taso daga Birmingham, ranar Asabar sai tekun Wales. Ya ce, "Sarkin ruwa, ni fa ɗan dutse ne, a swimming pool na koyi iyo." Na ce wanda ke tare da ni, Basarken Yawuri ɗan masunta, da aka yaye a cikin kwalekwale, me zai tsorata? Ban gaya masa ni ma ban taɓa hawa teku ba.

Lahadi, 14 ga Satumba
Kambai bai farfaɗo ba.

Laraba, 17 ga Satumba
Bari in rubuta, tunda babu wanda zan iya faɗa wa.

Kowane allo yana da igiya da ake ɗaurawa a idon sawu, don in ka faɗa ruwa kada allon ya gudu ya bar ka. A tafki ina sa ɗalibai su ɗaura saboda doka ce, amma ni ban taɓa ba. Baba ya hore mu tun muna yara: ba a ɗaure mutum da jirgi. Jirgi ya kife, igiya ta maƙale a saiwa, ka tafi ke nan. Haka Kawu Nuru ya rasu, a kan idona. Saboda haka da na ga Kambai ya ɗaura tasa a bakin teku, na durƙusa na kwance masa da hannuna, na cusa igiyoyin biyu a jakata. Wata tsohuwar Baturiya da ke fitowa daga ruwa ta dubi ƙafafunmu ta ce, "No leash, love?" Wato ina igiyarmu. Na yi mata dariyar wanda ya san ruwa.

Teku na kwance lif. Muka yi nisa, Kambai na tangaɗi yana waƙar cocinsu don ya tsokane ni. Sai na ga can gaba ruwa ya yi baƙi ya taso. Na yi masa ihu ya durƙusa, ya juya hancin allo ya fuskanci raƙumin ruwan, ya yi tuƙi da ƙarfi. Muka haye raƙumin farko da ƙyar. Na biyu ya fi katangar gidanmu tsayi, ya miƙe tsaye ya faɗo mana. Na yi ta juyi a ƙasa, yashi cike da bakina, ban san ina ne sama ba. Da na ɓullo, allunan biyu sun yi gaɓa a guje kamar jakunan da suka tsinke. A kogi, jirgi in ya kife tare kuke tafiya, ka miƙa hannu ka kama. Teku raba ku take yi.

Na uku. Na huɗu. Sanyi ya kashe min hannuwa. Na ga kan Kambai, sai kuma ban gan shi ba. Na nutsa sau uku kafin na cafko rigarsa. Wasu samari biyu suka iso muka ɗora shi kan allonsu, kowannensu da igiyarsa a ƙafa.

An ce ruwa kan ci gwani. Wannan karon ya bar gwanin ya ci abokinsa.

Asabar, 4 ga Oktoba
Babbar Sallah. An mayar da shi asibiti a Birmingham. Na yi Idi a can, unguwar Small Heath, na wuce wurinsa. Ya buɗe ido amma babu magana, ɓarin dama ba ya motsi. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ta daɗe ba iska. Clara, matarsa, ta kawo min shinkafa a kula don kada in rasa abincin Sallah. Ta ce, "Yaya Sanda, ba don kai ba da gawa zan karɓa." Na cinye shinkafar tas. Ina jin kunyar wannan fiye da yadda zan iya rubutawa.

Talata, 21 ga Oktoba
Na wuce ta bakin tafki. Kwaɗo a ƙofa, agwagi kaɗai ke ruwan. Ko sha'awar taɓa shi ban ji ba.

Lahadi, 9 ga Nuwamba
Clara ta gano cewa babu igiya a ƙafarsa lokacin da aka fito da shi. Ta yanke wa kanta cewa tsinkewa ta yi, tunda kayan cibiyar tsofaffi ne, an daɗe ba a sayi sababbi ba. Ta ce, "Zan rubuta complaint, da sunan matar nan da ta ba ku. Kai ne witness ɗina." Rhodan da ita ma yanzu take zaune a gida ba aiki. Na ce, "To, sai mu gani." Igiyoyin suna ƙasan akwatina, lafiyarsu ƙalau, har yanzu da yashi a jiki.

Juma'a, 28 ga Nuwamba
Na kira Baba na faɗa masa komai. Ya ce daidai na yi, dokar ruwa ke nan, sauran ƙaddara ce. Na so in ji sanyi a raina. Ban ji ba. Baba bai taɓa ganin ruwan da ba shi da tsallake ba.

Asabar, 13 ga Disamba
An sallamo shi gida, Perry Barr, a keken guragu. Gashin ƙashi da aka yi alkawari sau uku a mako ya koma sau ɗaya, wai layi ya yi tsawo. Clara ta ajiye takardar ƙorafin a gabana, da biro. Na buɗe jaka na ajiye igiyar a kan takardar. Na ce, "Ba ta tsinke ba. Ni na kwance masa." Ta ɗauka ta ja ta da hannu biyu, ta sake ja. Kambai na kallonmu daga kusurwa, miyau na zuba. Ban san ko ya gane ba. Ta ce, "Malam Sanda, motar Manchester ƙarfe huɗu take tashi."

Shekara tara tana ce min Yaya.

Alhamis, 1 ga Janairu, 2015
Ba kira, ba saƙo. Daidai ne. Da ni ne ma haka zan yi.

Litinin, 9 ga Fabrairu
Saƙo daga Clara, ba gaisuwa: "An daina turo motar da ke kai shi gashin ƙashi. Ba na iya ɗaga shi. Laraba, ƙarfe biyu." Ba yafiya ba ce, kada in yaudari kaina. Hannu take nema, kuma nawa ne ya rage.

Laraba, 11 ga Fabrairu
Na je. Ta buɗe ƙofa ta ba ni makullin mota, ba ta dube ni ba. Kambai ya rame, na ɗauke shi kamar buhun da aka ci rabi. Likitoci sun ce kada a sa ran zai sake tafiya, ni ma ban sa ba. Na zaunar da shi a gaba na ja masa bel ɗin kujera. Ya kai hannun hagu yana fizgarsa, yana gurnani, yana kallona irin kallon da yake min a da in yana so in goya masa baya. Na riƙe hannun na ce, "A'a, ɗan dutse. A bar shi a ɗaure." Na ja bel ɗin na gwada, na sake gwadawa, har Clara ta ce daga baya, "Ya ɗauru, mu tafi."

Ta ce in zo Laraba mai zuwa. Ban gaya wa Baba ba.