Ka Kauce, Auta

Al Gharrafa, Doha
Talata, 6 ga Disamba, 2022

Zuwa ga autana Garzali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da waɗanda kuke tare a can Amurka. Yaya sanyi? Na ga a bidiyon wasanku numfashinku yana fita kamar hayaƙi, kai kuwa hannuwanka a waje babu riga mai dogon hannu. Allah ya tsare maka kai da wuya da gwiwa, su ukun nan nake ambata a kowace sujada. Ni lafiyata ƙalau, sai ƙafar hagu da take kumbura in na daɗe a tsaye a kicin. Yayarka Habiba ta kira ni ranar Juma'a daga Illela. Ta ce gero ya yi kyau bana, kuma 'yarta Nasiratu ta fara tafiya, tana bin kaji har zaure. Ban taɓa ɗaukar yarinyar nan ba, a waya kawai na san ta.

Kada ka yi mamakin ganin rubutu, hannuna ne. Ka san ni ban yi boko ba. Lokacin kullen korona, da aka hana mu leƙa ko bakin ƙofa, Ajaratu mai yi wa gidan nan wanki, mutuniyar Zangon Kumasi, ita ta zaunar da ni a bayan kicin tana koya mini baƙaƙe a jikin kwalin madara. Ina da shekara hamsin da biyu na fara rubuta sunana. In ka ga harafi ya karkace, ka yi haƙuri da shi. Na zaɓi takarda ne saboda in na aiko maka da murya, kuka yake cin rabin maganar, kai kuma sai ka maido mini da hoton babban yatsa. Wannan zan ɗauki hotonta in tura maka, ka karanta a zaune.

Garin nan ya cika maƙil da baƙin gasar cin kofin duniya. Mutanen gidan da nake wa aiki kusan kullum suna filin wasa, su bar ni da gida mai ɗaki goma sha ɗaya da ƙarar na'urar sanyi. Ranar hutuna na je unguwar Al Asmakh sayen kuka da daddawa a wurin wani ɗan Zinder, na ga tutoci iri-iri, kowa da mutanensa yana waƙa. Duk dogon da na hango daga baya sai na ƙara sauri in ga fuskarsa, alhali na san ba ka nan. Shekara huɗu ke nan rabona da kai. Ajaratu tun watan Maris take mini ba'a wai su 'yan Ghana ne suka hana Najeriya zuwa, wai in zo ta ara mini tuta in ɗan ɗana. Ranar Juma'ar nan aka fitar da Ghana, ta shiga ɗakin guga ta rufe ƙofa, sai da na kai mata shayi na ce ta mayar da tutar cikin akwati kada ta yi datti. Ta ce Allah ya isa tsakaninta da ni, muka yi ta dariya. Ƙarshen watan nan kwantiraginta zai ƙare ta koma gida. Daga nan wanda zan yi Hausa da shi sai Sabo direba, shi ma ta tagar mota.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Habiba ta gaya mini, kuma kada ka yi fushi da ita, ni na matsa mata. Ta ce kocinku ya ba ka wasa uku, in abin bai canja ba za su sallame ka. Ta ce ka ce kada a faɗa mini. Auta, tun kafin ta faɗa na sani, domin ina kallo.

Sabo ne yake sauko mini da wasanninku a waya duk ranar da ya je kasuwar Asian Town. Bayan azahar, in na gama wanke-wanke gida ya yi shiru, sai in jingina wayar da tulun shayi in zauna. Da farko ban ga komai ba sai ƙatti suna karo da juna a kan wata ƙwallo mai kama da gwanda. Na tambayi Sabo, ya ce shi wallahi ƙwallon da ake ɗauka da hannu ba ƙwallo ba ce, in nemi wani. To, na nemi kaina. Na maimaita wasa ɗaya ya fi sau goma har na gane. Akwai mutum guda da ake miƙa wa ƙwallon ta tsakanin ƙafafu, shi ne mai jifa. Mutum biyar suna tsaye a gabansa kamar katanga. Ku huɗu, aikinku shi ne ku keta katangar ku kai gare shi kafin ƙwallon ta bar hannunsa. In na yi kuskure ka gyara mini.

Ba ni da agogon da zai kama saurin abin, sai na auna da tasbihi. Daga miƙa ƙwallo zuwa jifa, subhanallahi uku ne, in ya daɗe huɗu. Sannan na jera kofuna a kan tire, duk sanda aka yi jifa sai in jefa ƙwayar wake ɗaya a kofin abin da ya faru. Madam, matar mai gidan, ta taɓa shigowa ta tarar da ni a haka, ta tsaya tana kallon kofunan, ta ce halas, wato ya isa haka, ita ba ta son duba a gidanta. Da kyar Ajaratu ta fahimtar da ita cewa ɗana nake kallo. Ita kuma Ajaratu tun ranar take kirana koci.

Ga abin da waken ya nuna a wasa huɗu. An yi muku jifa ɗari da talatin da biyu. Sau huɗu kawai kuka kayar da mai jifa da ƙwallo a hannunsa. Sau goma sha tara kuka firgita shi ya yi jifar gaggawa. Sauran duk yana tsaye hankali kwance kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa. Laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Mai lamba casa'in da ɗaya, wanda yake ɗaya gefen, yana da gudu ƙwarai, amma zagayensa ya yi nisa, kullum sai ya wuce ta bayan mai jifa. Shi kuwa mai jifa sai ya yi taku ɗaya gaba, shi ke nan ya tsira. Takun nan bai kamata ya samu ba, amma manyan nan biyu na tsakiyarku ba sa tura katangar baya, kuma da an dawo hutun rabin lokaci sai ka gan su hannu a ƙugu suna haki. Duk ƙungiyoyin da kuka kara da su sun gane haka. Ni ma da nake kicin na gane.

Sai kai. An saka ka a jifa hamsin da ɗaya. Sau ashirin da uku ka fi ƙarfin wanda ya tare ka. Sau bakwai ka kai shi har ƙasa, ƙato kamar buhu uku, har ina jin mai sharhi yana ihu. Amma mai jifa, ko rigarsa ba ka taɓa ba. Da an miƙa ƙwallo sai ka nufi ƙirjin mutumin da yake gabanka, ka kama shi, ka kafa ƙafa, ka nemi ƙugunsa. Kafin ka gama da shi na yi subhanallahi biyar, ƙwallo ta daɗe da tafiya. Kuma in ya faɗi kana ɗan tsayawa a kansa, tsayuwar da ba ta kai ƙiftawar ido biyu ba, amma na san ta. Jiran ganga ne. Sau goma sha ɗaya na ga ƙofa a buɗe tsakanin mai tare ka da na kusa da shi, daidai inda mai jifa yake yin takun nan nasa na tsira. Da ka goce ka shiga nan, da a hannunka zai faɗo. Ka ga ƙofar, na ga kanka ya juya wajenta, amma ka koma ka rungumi mutuminka.

Na san kocinku ya faɗa maka wannan da Turanci, wataƙila sau ɗari. Shi yana ganin taurin kai ne ko rashin fahimta. Bai san kokawa kake yi ba. Bai san a gidan da ka tashi, wanda ya kauce wa abokin karawarsa ba ya iya ɗaga kai a kasuwa ba. Bai kuma san abin da mahaifinka ya ce maka a waya ba, kwana biyu kafin ya cika, lokacin da babu jirgin da zai kai ni ko ya kai ka. Habiba ce ta riƙe masa wayar, ta gaya mini. Ya ce duk inda ka je kada ka kauce wa namiji, ka tsaya gaba da gaba. Kai kuma ka ce ka yi alkawari. Ni a ɗakin bayan kicin ɗin nan na yi takabata, wata huɗu da kwana goma, babu mai shigowa gaisuwa sai Ajaratu. Na san nauyin maganar wanda ba ka samu ka binne ba. Ban raina alkawarinka ba.

Amma akwai abin da na riƙe shekara talatin da huɗu, yau zan ba ka. Ka san labarin ranar da mahaifinka ya kayar da Bawa na Ƙonni a filin Illela bayan girbi. Da labarin aka yi maka reno. Makaɗa suna cewa Gado ya ɗaga Bawa sama ya nuna wa Nijar shi kafin ya ajiye. Ka ga, sunan da bakina bai taɓa furtawa ba yau hannuna ya rubuta, Allah ya yafe mini. To, ni ina wurin. Ina budurwa, ina tsugune a bakin fili da farantin gyaɗa, saboda haka ƙafafu nake gani, ba kafaɗu ba. Bawa ya ninka mahaifinka. Sun daɗe suna zagaya juna, sai Bawa ya taho da dukkan nauyinsa. Mahaifinka bai tare shi ba. Ya janye ƙafar dama, ya goce gefe, ya ɗan taɓa bayan wuyansa kawai. Bawa ya wuce ya kife da hannu da gwiwa. Yashi ya tashi, mutane suka ruga cikin fili, kafin a natsa makaɗa sun riga sun ɗaga Bawa sama da bakinsu.

Bayan aurenmu na tambaye shi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe akwai mai gyaɗar da ta gani. Ya ce in rufa masa asiri, wai makaɗa ma sai sun ci abinci. Na rufa. Da ya tsufa, ina jin shi kansa ya fara yarda da waƙar, shi ya sa ya bar maka ita a matsayin wasiyya. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, ba ƙarya ya yi niyyar yi maka ba. Amma waƙar ya ba ka, ni kuwa na ga kokawar.

Ba na so a sallame ka, Auta. Ba don komai ba sai don na san ka. In ka koma Illela a haka, za ka zauna a zauren mahaifinka kana ganin ka kunyata shi, alhali biyayya ce ta kayar da kai. Mutumin da yake tare ka ba shi ne abokin karawarka ba, ƙofa ce kawai aka sa a hanya. Naka yana bayansa riƙe da ƙwallo, kuma shi ne ba ka taɓa tsayawa gaba da gaba da shi ba. In alkawarin ne yake riƙe maka ƙafa, ni mahaifiyarka na sauke maka shi, in da laifi a kaina.

Ka gaishe mini da abokin ɗakinka Jamaldeen, ka ce na gode da yake tashinka sallar asuba. Ka gaishe da mai lamba casa'in da ɗaya, ka ce wata tsohuwa a Doha ta ce ya rage zagaye. Ka kira gwaggonka Shetu, tana ƙorafin ka manta da ita, ka kuma kira Habiba ka ce ka huce. Sabo yana gaishe ka, ya ce har yanzu bai yarda ƙwallo ba ce. Ajaratu ta ce in ka kayar da mai jifa kafin ta tafi, za ta yafe wa Najeriya.

Ranar Litinin bayan azahar zan jingina wayar da tulun shayi. Na ware kofi guda, babu ko ƙwaya a cikinsa, naka ne, na ranar da za ka kayar da mai jifa. Ka kauce, Auta. Mahaifinka ya kauce, kuma a ranar ne na koma gida na ce wa innata na ga mijin aure. Ka isa kafin subhanallahi na uku.

Allah ya yi maka albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mahaifiyarka,
Safiya